Amanar Malam Altine

Tun da na dawo daga jihar Kabi, ba ranar da zan zauna a majalisarmu ta ƙofar shagon Ɗanlami tela ba tare da wani ya ce, "Nasiru, wai ya tafiyar nan ta kasance?" ba. Ni kuma sai in tsinto musu wuraren ban dariya, a yi shewa a tashi. Na gaji da ba da rabin labari. Ga shi nan duka, har da wurin da nake tsallakewa.

Wata ƙungiya mai bincike kan zaman lafiya ce ta ɗauke mu aikin mako biyu. Aikin shi ne mu auna yadda hukuma da mutanen gari ke haɗa hannu wajen hana matasa faɗawa hannun masu tsattsauran ra'ayi, irin waɗanda ke wa'azi da bindiga a kafaɗa. Aka ba ni wata babbar waya cike da tambayoyi, kowace amsa da makinta, daga ɗaya zuwa biyar. Kuna da kwamiti? Hukuma tana zama da ku? Akwai takardar da ke nuna an zauna? Ni malamin sakandare ne, ana hutu, kuma ba da maki sana'ata ce. Na ce me ya fi wannan sauƙi?

Mun bar Kano bayan sallar asuba a ƙaramar mota. Kusa da ni akwai wata hajiya mai sayar da atamfa, wadda ba ta rufe baki ba tun daga tasha har Funtuwa. Muna shiga ƙasar Zamfara sai ta yi tsit, ta ciro carbi. Direba ya kashe rediyo. Ba wanda ya ce uffan sai da muka hango gidajen Gusau, sannan hajiya ta ci gaba da labarin surukarta daga daidai inda ta tsaya.

Na kwana Sakkwato, washegari na kama hanyar Tambuwal. A shingen da ke kusa da iyakar Kabi wani jami'i ya leƙo, ya ga babbar wayata, ya ce in sauko. Na miƙa masa takardar shaidar aiki. Ya karanta a hankali, ya zo kan kalmar "tsattsauran ra'ayi," ya ɗago kai.

"Kai ne za ka auna su?"

"Ba su ba, yallaɓai. Masu hana su zan auna."

"To ni ga ni tsaye a rana tun safe. Nawa ka ba ni?"

Na ce biyar. Ya yi dariya ya mayar mini da takardata. Sauran fasinjoji dai ba su ga abin dariya ba, don na ɓata musu lokaci.

A Gwandu na sadu da abokiyar aikina, Hajiya Rabi, mutuniyar Jega, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da ta yi ritaya. Ita ce za ta riƙa shiga gidaje tana tambayar mata, ni ina waje da maza. Ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma tun ranar farko ta raɗa mini suna Bakano. Dalili kuwa, a bakin tasha na ji mai talla tana cewa a sayi gujiya, na ce a zuba mini, ina zaton gurjiya ce dafaffa irin tamu. Sai na ga gyaɗa. Na ce ba ita na ce ba. Hajiya ta ce, "Bakano, nan ita a gujiya. Wadda kake nema kwaruru sunanta." Haka na yini ina tuntuɓe da Hausar da nake koyar da ita a aji. Dankali ya zama kudaku, "e" ta zama "awo," kowa kuma yana ce mini "mi kac ce?" kamar ni ne mai baƙon harshe. Daga baya na lura lallai ni ne.

An sauke ni a zauren wani dattijo, Malam Buhari, tsohon malamin makaranta, a ɗakin baƙi mai tabarma da katifa da tarin littattafai har kusa da rufi. A gidan nan baƙo ba ya sayen abinci a waje. Na gwada sau ɗaya, labari ya riga ni komawa gida, sai da na ba da haƙuri. Da safe aka kawo mini hoce, wani gasasshen abincin dawa mai ɗan tsami. Na zaci waina ce ta kwana ta bushe, na ture gefe. Malam ya gani, ya gutsuttsura nasa ya zuba ƙuli da mai da albasa. Na kwaikwaye shi. Kafin in bar Gwandu ni ke tambaya ko da saura.

Gaisuwarsu ma ta fi tamu tsawo. Mu a Kano "ya gida, ya aiki" mun wuce. Can sai an tambayi gajiya, da iyali, da waɗanda ka baro, da ruwa, da gona, a dawo kan gajiya. Ni kuma wayata na hannu, ina ƙagauta mu shiga tambayoyi.

Da Malam Buhari na fara. Na karanta masa sharaɗin da muke karanta wa kowa, cewa duk abin da ya faɗa sirri ne, ba za a ambaci sunansa ba. Sannan na ce, "Malam, daga ɗaya zuwa biyar, nawa za ka ba hukuma wajen zama da jama'a kan wannan matsala?"

Ya shafa gemu. "Ɗana, in na ce biyu, na zagi mutanen da ni karantar. In na ce huɗu, na yi ƙarya. Rubuta ukku, Allah shi yahe muna."

Uku ɗin nan ita na yi ta samu. A ƙauyen Maruda wani manomi ya amsa mini tambayoyi yana duƙe cikin albasarsa, bai ko ɗago ba, kowace tambaya "ukku." Da na ce ko ya fahimci tambayar, sai ya miƙe ya dafa ƙugu ya ce, "Malam, ukku ba ta kai kowa ƙara." Na rubuta, na yi gaba. A raina ina cewa mutanen nan ba su damu ba.

Bayan kwana biyar muka bi ta Birnin Kabi muka sauka Kalgo. Nan masaukin haya muka samu, ɗaki mai fanka da ke juyawa tana kuka kamar za ta faɗo. Amma tuwon shinkafa da miyar kifin da na ci a wata rumfa kusa da kasuwa, har yau ban ci irinsa ba. Jami'an da muka tambaya a garin sun karɓe mu hannu biyu, suka buɗe mana fayil, ga hotunan taro, ga sunayen waɗanda suka halarta. Wayata tana son irin wannan. Maki ya yi ta hawa.

Rana ta uku muka hau babura zuwa Diggi, daga nan muka ƙara gaba zuwa wani ƙauye a bakin fadama. Ba zan faɗi sunansa ba. Mai gari ba ya jin daɗi, sai ya haɗa ni da ƙanensa, Malam Altine, manomin shinkafa, dogo siriri, mai magana a hankali. Hajiya Rabi ta shiga cikin gida, mu muka zauna a gindin bishiyar mangwaro.

Na karanta masa sharaɗin sirri, na fara. Kwamiti? Babu. Takardar zama? Babu. Hukuma ta taɓa kiran ku taro kan wannan? Ya ce an taɓa kiran yayansa, amma ranar ruwa ya cinye hanya. Kun taɓa kai rahoton wani da kuke zargi? Ya kau da kai, ya ce a'a. Cikin ɗan lokaci muka gama.

Ya ce, "Mi ka rubuta muna?"

"Ɗaya, Baba. Kusan ko'ina ɗaya."

"Ɗaya ita a babba, ko ƙarama?"

Na ce ƙarama. Ya gyaɗa kai. Ya dubi fadama, ya dube ni, sannan ya nuna wayar da haɓarsa. "Kashe abin ga."

Na kashe, na nuna masa ta mutu.

"Abin da za ni hwaɗa maka ba na rubutu ba ne. Amana ce. Ka ɗauka?"

Na ce, "Na ɗauka, Baba. Tsakanina da Allah."

Sai ya ba ni labarin ɗansa Sahabi, magidanci mai mata da ɗiya ɗaya, wanda ke gyaran injin ban ruwa da babura. A bara wasu baƙi suka fara kawo masa gyara. Suna da ladabi, ba sa jayayya, kuma in lokacin salla ya yi su ke fara tashi. Suka saka masa wa'azi a waya. A hankali Sahabi ya daina bin limamin gari salla, ya ce mahaifinsa yana gona a kan bidi'a, ya hana matarsa zuwa awo asibiti. Wata rana ya bi su daji, ya kwana biyu, ya dawo yana haɗa kaya.

"Da munka gane," in ji Malam Altine, "sai munka zauna, ni da yayana da liman da kawunsa. Wani ya ce a kai shi ga hukuma. Na ce in an kai shi, ko dai shi ɓace muna can, ko shi dawo da zuciya ta ƙara ƙeƙashewa. Liman ya ce a ba shi shi."

Kullum bayan sallar asuba liman ya zo da littattafansa ya zauna da Sahabi. Duk abin da wa'azin wayar ya ce, sai su buɗe littafi su duba tare. Farko Sahabi yana tashi ya bar shi zaune, liman ya dawo washegari. Kawunsa ya ɗauke shi aikin shinkafa daga hantsi har la'asar don kada ya zauna shi kaɗai. Mata masu abinci suka haɗa baki, duk ranar da baƙin suka shigo sai a ce tuwo ya ƙare. Masu sayar da fetur a kwalba su ma suka ce babu. Ba wanda ya kore su, ba wanda ya zage su. Suka gaji suka daina zuwa. Sai da aka kusan girbi, wata asuba, Sahabi ya shigo masallaci ya tsaya a sahun baya.

"Ba mu da kwamiti," in ji shi. "Abin da munka yi ke nan. Na hwaɗa maka don kar ka koma garinku kana ganin mu matattu ne."

Na kalli wayar da ke kan cinyata, babu gurbi ko ɗaya a cikinta da wannan labari zai shiga. A hanyar komawa na ba Hajiya Rabi labarin a taƙaice. Ta ce matan gidan ma sun ɗan taɓa mata. Sannan ta ce, "Bakano, wannan ka haɗiye shi."

Bayan kwana biyu aka yi taron da za mu gabatar da abin da muka fara samu, a wani ɗakin taro a Kalgo. Shugabar aikinmu ta zo daga Abuja. Ga jami'ai, ga masu unguwanni, ga malamai, ga wasu da ba a gabatar da su ba, sanye da kayan gida, zaune a baya. Aka haska makin ƙauyuka a bango. Ƙauyen Malam Altine ne a can ƙasa.

Wani mutum mai babbar riga ya miƙe ya ce ai ga shi nan an gani, mutanen ƙauye ba sa taɓuka komai, su ne ma ke ɓoye ɓata-gari. Aka yi ta gyaɗa kai.

Na sha gaya wa kaina cewa don in kare su na miƙe. Akwai wannan, amma ba shi kaɗai ba ne. Tun safe ba wanda ya kula da ni, kuma shugaba ta ce za a zaɓi wasu a ci gaba da aiki da su. Ina da labarin da ba wanda yake da irinsa a ɗakin nan, yana ta cin raina. Na ɗaga hannu. Hajiya Rabi, daga ɓangaren mata, ta zuba mini ido tana girgiza kai. Na kau da fuska.

Na ce ba zan ambaci suna ba. Na ce a wani ƙauye gaba da Diggi akwai wani matashi mai gyaran injin ban ruwa. Na ba da labarin tiryan-tiryan, da liman, da tuwon da ya ƙare, har da kwana biyun da ya yi a daji. Na iya ba da labari, wannan kun sani. Da na gama aka yi tafi. Shugaba ta rubuta wani abu a littafinta, ta yi mini murmushi.

Muna fita Hajiya ta tare ni a bakin ƙofa. Ba ta ce Bakano ba.

"Malam Nasiru, masu gyaran injin ban ruwa nawa ne gaba da Diggi?"

Nan take na gane: ɗaya ne tak, sai ka ce sunansa na ambata.

Washegari da hantsi aka kira Hajiya a waya. An je an tafi da Sahabi don a yi masa tambayoyi. Ban ga laifin waɗanda suka tafi da shi ba. Sun ji an ce mutum ya kwana biyu wurin masu bindiga, aikinsu ne su bincika. Ni ne na ɗauki amana na kai ta gaban lasifika.

Na ce wa Hajiya zan koma Kano a ranar. Ta ce, "Za ka koma, amma ba ta nan hanyar ta bi ba. Tashi mu tahi."

Ban taɓa jin nisan hanya kamar na wannan rana ba, ga shi ina roƙon Allah kada mu isa. Mun tarar da Malam Altine a gindin mangwaron nan, da liman, da wasu dattawa. Daga cikin gida ana jin kukan mace. Na yi sallama, suka amsa gaba ɗaya. Malam Altine ya tambayi gajiyata, da iyalina, da waɗanda na baro, bai rage ko ɗaya ba. Ya sa aka kawo mini fura. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne. Ni na faɗa a taro. Ba wanda ya tilasta ni."

"Mun sani," in ji shi. "Sha hura."

Na bar ƙwaryar a ƙasa, ban sha ba.

Liman ne ya yi magana. Ya ce, "Malam, Sahabi in Allah ya so za shi dawo, don za mu tsaya mai. Ba shi ne abin da ya hi damunmu ba. Akwai gida biyu garin ga da ɗiyansu sunka fara sauraren wa'azin nan. Uwayen sun ga yadda munka yi da Sahabi ba wanda ya ji, sun fara matsowa. Ɗaya ma ta aiko in zo. Yau da sahe ta sake aikowa, ta ce in bari, ɗanta lahiya lau yake."

Ina jin ƙarar injin ban ruwa daga nesa.

Na yi abin da zan iya, kuma ba shi da yawa. Na kira shugaba na gaya mata abin da na aikata. Ta ce ita ma ya kamata ta tsayar da ni tun ina magana. Ta cire labarin daga rahoto, ta rubuta wa hukuma takarda. Kwana uku muna zarya inda aka tsare Sahabi, ni da liman da Malam Altine, har mai gari ya taso da rashin lafiyarsa, aka riƙo shi. Na maimaita bayanina a gaban jami'ai, na ce mutumin nan garinsu ya riga ya dawo da shi, kuma hanyar da suka bi ta fi duk abin da na zo aunawa. Wani babba a cikinsu ya saurare mu da kyau. Ya ce da an sanar da su tun farko ta hanyar da ta dace, da ba a kai ga haka ba. Malam Altine ya ce, "Ranka shi daɗe, tsoro munka ji." Jami'in ya ce ya sani. A rana ta huɗu aka sallami Sahabi a hannun mai gari da liman, bisa sharaɗin ya riƙa zuwa ana ganinsa.

Sai a ranar na fara ganinsa. Gajere ne kakkaura, hannuwansa duk tabon baƙin mai. Ya gaida mahaifinsa, ya gaida liman, sannan aka nuna masa ni. Ya miƙo mini hannu.

"Kai ne Malam Nasiru? Baba ya ce da ya gan ka, ya ga mutumin kirki. Shi ya sa ya hwaɗa maka."

Ba da gatse ya faɗa ba. Na duba fuskarsa ina neman gatsen, ban samu ba.

Na dawo Kano ta hanyar da na bi, ban san ma mun wuce Zamfara ba. Ƙungiyar ta kira ni aiki na gaba, na ce a ba wani. Na dai rubuta musu shafi biyu, na ce tambayoyinmu suna ganin takarda da hoto, ba sa ganin limamin da ke zuwa da asuba, kuma duk wanda za a tura ƙauye a koya masa riƙe bakinsa kafin a koya masa riƙe waya. Sun ce za su duba.

Makon jiya Hajiya Rabi ta kira ni. Muka gaisa irin tasu, doguwa. Ta ce Sahabi yana nan lafiya, ya koma gyaransa, ko da yake wasu sun ɗauke injinansu sun kai Diggi. A gidaje biyun nan kuwa, ɗaya yaron ya dawo hanya, liman ya samu shiga ta wurin kakarsa.

Na ce, "Ɗayan fa, Hajiya?"



"Ya tahi, Malam Nasiru. Uwar ta ga yana haɗa kaya tun kwana goma kafin nan. Ba ta gaya wa kowa ba."